Tseren dogon zango: idan likita ya cire doki, wa za a tuhuma?

Alhaji na Ikoyi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda maganar shirya tseren dogon zango na kilomita 40 a bakin teku wajen Ibeju-Lekki ta fara ƙarfi, akwai abin da nake so mu warware tun ba a kafa tuta ba. A daftarin da ake yawo da shi an rubuta cewa duk mahayin da likita ya cire masa doki, za a dakatar da shi wata shida. Ni wannan bai kwanta mini ba. Doki yana iya taka ɓawon kwakwa ko fasasshiyar kwalba ya fara ɗingishi, mahayi bai yi laifin komai ba. Wani kuma zai ƙure doki har numfashi ya kusa ɗauke masa, amma saboda yana da ƙanƙarar sanyaya doki da ma'aikata goma ya wuce gwajin likita lafiya. Ina adalci a nan? Dakta da sauran masana, ku yi mana bayani.

Dakta Obalende: Wa alaikumus salam Alhaji. Daftarin ya cakuɗa tambayoyi biyu, kuma daga nan matsalar ta taso. Ta farko: dokin nan zai iya ci gaba? Ta biyu: akwai wanda ya zalunce shi? Likita ta farko kaɗai yake amsawa.

Ga yadda aikin yake a dokar FEI, hukumar wasannin dawakai ta duniya mai hedikwata a Lausanne. Ana raba tafiyar zango-zango, kowane zango tsakanin kilomita 20 zuwa 40. A ƙarshen kowanne akwai shingen likitoci. Doki ya iso a tsakiyar tsere, agogon mahayi bai tsaya ba, yana ci gaba da ƙirga har sai an gabatar da dokin kuma bugun zuciyarsa ya sauka zuwa 64 a minti ko ƙasa. An ba shi minti 15 ya yi haka a tsakiyar tsere, minti 20 a ƙarshe. Daga nan likita zai ɗaga leɓe ya duba dasashi, ya danna da yatsa ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. Zai tsinci fatar kafaɗa ya saki, in ta tsaya a tattare to ruwan jiki ya yi ƙasa. Zai saurari hanji ta wuri huɗu, sama da ƙasa a kowane gefe. Zai taɓa baya da wurin majayi ko sirdi ya yi miki, ya matsa naman cinya ko ya sandare. Sai a ja dokin da sassarfa mita 40 a je, mita 40 a dawo, igiya a sake, ba duka ba tsawa daga baya.

Akwai kuma gwajin da ya fi tona asiri. A ƙirga bugun zuciya, a yi wannan sassarfar ta mita 80, minti ɗaya cif daga fara sassarfar a sake ƙirgawa. Dokin da ya huce zai dawo inda yake ko ƙasa. In ya fara da 56 ya koma 64, jikinsa bai murmure ba, ƙanƙara ce kawai ta danne lambar farko.

Ɗan Agege: Dakta, ranka ya daɗe, to in likitan ne ba ya shiri da mai dokin fa? Ɗingishi ai abin ido ne. Wani ya ce ya gani, wani ya ce bai gani ba.

Dakta Obalende: Tambayarka a kan hanya take. Shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya yanke. In likitan layi ya yi shakka, sai a kira likitoci uku, a sake sassarfa a gabansu, kowa ya rubuta "ya wuce" ko "bai wuce ba" a takarda ba tare da sun yi shawara ba, a miƙa wa alƙalin fili, rinjaye ya yi aiki. Ba a ɗaukaka ƙara kan wannan hukunci. Bugun zuciya ma in za a cire doki a kansa, a ƙirga minti ɗaya cikakke, likita na biyu ya tabbatar. Kada a ƙirga 17 a daƙiƙa 15 a ninka huɗu a ce 68 ne a kori mutum, don bugu ɗaya na kuskure ya zama huɗu ke nan.

Abin da zan ƙara a namu tsarin: layin sassarfa ya zama ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, iri ɗaya ga kowa. Rairayi mai laushi yana ɓoye ɗingishi. Kuma likitan da yake duba dawakan wani barga a kullum, kada ya jefa ƙuri'a a kan dokin bargan.

Hajiya Mai Goɗiya: Na yarda da Dakta, amma Alhaji, kada tausayin mahayi ya sa mu wanke shi gaba ɗaya. Likita minti biyar yake ganin doki. Mahayi yana kansa awa uku. Doki ba ya faɗuwa haka kwatsam, sai ya yi ta ba da alama. Taku yana gajarta. Dokin da yake jan linzami da safe ya koma sai an tura shi da ƙafa. Kunnuwa su saki. A kai shi bakin ruwa ya kau da kai, a miƙa masa ciyawa ya ƙi. Ya fara tuntuɓe a wurin da babu abin tuntuɓe. Mafi muni, a ga zufa ta ɗauke alhali rana tana dukan sa, ko ya yi fitsari ja-ja kamar ruwan shayi, wanda ke nuna naman jiki ya fara lalacewa kuma ƙoda tana cikin haɗari. Duk wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan ya ci gaba da sukuwa, wallahi ya yi laifi, ko da dokin ya wuce gwaji. Doka ta yarda ka sauka ka ja dokinka da ƙafa a hanya, a kan layin farawa da na gamawa ne kawai dole kana bisa. Bulala da ƙaimi kuma FEI ta hana su a wannan wasa ɗungurungum. Babu uzurin da ya rage.

Sarkin Barga: Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce amma rabi ce. Mu dubi su wa ke hawa a nan Legas. Mafi yawa yaran barga ne, 'yan shekara goma sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai, da suka zo daga Arewa neman abinci. Dokin ba nasu ba ne. Ba su ne suka saye shi ba, ba su ne suke yanke abin da zai ci ba, ba su ne suke kiran mai allura ba. Mai gida ya ce "ka tabbata ka zo na ɗaya", mota tana binsa a gefe ana danna masa hon. Yaron ya ja linzami ya rasa aiki da wurin kwana. Ya saki, doki ya faɗi, a dakatar da shi wata shida, mai gida ya ɗora wani yaron a kan wani dokin mako mai zuwa. Wa aka hukunta? Ba wanda ya ba da umarni ba.

Kuma rabin abin da ke kayar da doki ranar tsere an shuka shi makonni kafin ranar. Dokin da aka sauko da shi daga Maigatari ko Mai'adua, ya yi kwana biyu a tsaye cikin mota, ya fito daga busasshiyar iska ya shigo wannan damshi na Legas, yana bukatar aƙalla mako biyu zuwa uku ana motsa shi a hankali kafin jikinsa ya saba. Ga ciwon kaska da ke shanye jini a ɓoye, ga sammore. Ga kofaton da aka bari ya yi tsawo sai jajibirin tsere a datse shi da yawa. Wanne daga cikin waɗannan ne laifin yaron da aka miƙa wa linzami da asuba?

Malam Idi-Araba: Abin da Sarkin Barga ya faɗa shi ne ainihin rikicin da ya girgiza wannan wasa a duniya, ba mu muka fara shi ba. A dokar FEI mahayi shi ne "wanda ke da alhaki". In an sami haramtaccen magani a jinin doki, ba sai an tabbatar shi ya yi allurar ba, shi zai kawo hujjar yadda maganin ya shiga. Tsarin ya dace da Bature mai doki ɗaya da yake ciyarwa da hannunsa. Da wasan ya bunƙasa a ƙasashen Larabawa, inda barga ɗaya take da ɗaruruwan dawakai kuma mahayi kan ga dokin a karon farko ranar tsere, sai tsarin ya gaza. Gudu ya yi ta ƙaruwa a kan shararriyar hanyar hamada, ƙafafu suna karyewa. A Janairun 2015 hoton wani doki mai suna Splitters Creek Bundy ya zagaya duniya, ƙafafunsa na gaba duka biyu a karye a wani tsere a Abu Dhabi. A watan Maris na shekarar FEI ta dakatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, har da batun sakamakon tseren da aka rubuta alhali ba a yi su ba. Gasar duniya ta 2016 ma an ɗauke ta daga Dubai aka kai Samorin a Sulobakiya.

Dokar da aka amince da ita a taron FEI na Mosko a Nuwamban 2019 ta ƙara ɗaure mai horar da doki. Kowane doki sai an yi rajistar mai horar da shi, kuma makin laifi yana hawa kansa kamar yadda yake hawa kan mahayi. Makin ma ba ɗaya ba ne: cire doki don gajiyar jiki makinsa kaɗan ne, wanda sai da aka yi masa ƙarin ruwa ya fi, mummunan rauni ya fi su duka. Sai maki ya kai 100 ake dakatar da mutum wata biyu. Ma'ana ba a kama mutum da ƙaramin tsautsayi ɗaya, ana duba halinsa ne in abin yana maimaituwa.

Alhaji na Ikoyi: Madalla Malam. Ka ga wannan shi ne abin da nake nema. Wata shida a kan kuskure ɗaya ya fi na FEI tsanani nesa ba kusa ba.

Malam Idi-Araba: Haka ne Alhaji, amma akwai ɗaya gefen da ya kamata a sani, don kada mu ɗauka tsanani kaɗai ne matsala. Wani doki mai suna Castlebar Contraband ya karye a tsere a Fontainebleau ta Faransa a 2016, aka kashe shi don a hutar da shi. An sami xylazine, maganin kwantar da doki da kashe zafi, a jikinsa, binciken gawa kuma ya nuna alamun allurai a ƙafa. A 2020 kotun FEI ta dakatar da mahayin shekara 20. A 2021 kotun wasanni ta duniya, CAS, ta soke hukuncin baki ɗaya, ta ce hujjojin ba su kai ba. Doki ya mutu, an yi shekaru ana shari'a, ƙarshe babu wanda aka kama. Darasin da na ɗauka don namu tsarin shi ne hujja a wurin ake tattara ta, a ranar. In doki ya faɗi, a ɗebi jini kafin a yi masa kowace allura ta jinya ko ta hutarwa, a raba kwalba biyu, a rufe a sa hannu a gaban mahayi, a rubuta lokaci da sunan duk maganin da likitan jinya ya ba shi. In ba a yi haka ba, gobe kowa zai ce likitan fili ne ya sa maganin.

Ɗan Agege: Malam, mu da ba mu da ɗakin gwajin jini irin nasu fa? Kowa ya san ana ba doki maganin kashe zafi ya yi gudu a kan ciwo.

Dakta Obalende: Ɗakunan gwajin da FEI ta amince da su kaɗan ne, irin na Faransa da Ingila da Hong Kong, kuma kuɗin ba na ƙaramin taro ba ne. Amma akwai abin da za mu iya ba tare da su ba. Dawakai su kwana a wuri ɗaya da gadi tun yammacin jajibiri, a duba su a rubuta duk tabon allura da kumburi a katin kowanne. A hana shiga da sirinji wurin hutu. A taɓa bayan dundunniyar kofato da abu mai ɗan tsini, dokin da aka kashe masa jijiya ba zai janye ƙafa ba. FEI kanta tana yin irin wannan gwajin da na'ura. Sannan kada doki ya bar fili sai awa biyu bayan gamawa kuma likita ya sake ganinsa, don maganin kashe zafi irin su phenylbutazone ba sa ɓoye komai har abada, ciwon ciki kuma sau da yawa bayan an gama yake tasowa.

Bari in dawo kan abin da Alhaji ya ce game da ƙanƙara, don a Legas nan ne rashin adalci zai fi fitowa. Doki a aiki cikin zafi yana zubar da zufa lita 10 zuwa 15 a awa. A Arewa zufar tana bushewa ta tafi da zafi. A nan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, zufar sai ta yi ta ɗiga ƙasa ba ta sanyaya komai ba. Zafin jikin doki na yau da kullum 37.5 zuwa 38.5 ne, in ya haura 40 a tsaya, in ya kai 41 ana cikin haɗari. Maganinsa ruwan sanyi mai yawa, a kwarara a wuya da ƙirji da cinyoyi da duk jiki ba ƙaƙƙautawa. Tsohuwar maganar cewa ruwan sanyi yana sandarar da doki, binciken da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya rushe ta. To in mai kuɗi ya zo da motar ƙanƙara, talaka ya zo da jarka biyu, ba dawakai aka gwada ba. Masu shirya taro su ajiye randunan ruwa da ƙanƙara na kowa da kowa, a ƙayyade mutum biyu ko uku kan kowane doki, a sa wurin shan ruwa duk kilomita 5.

Sarkin Barga: Dakta, ka taɓa batun kanwa don Allah. Yara da yawa suna jiƙa ta su ɗura wa doki kafin gudu, wai tana ƙara ƙarfi.

Dakta Obalende: A daina, musamman ranar doguwar tafiya. Zufar doki tana fita da gishiri mai yawa, har jininsa ya karkata ya rasa tsamin da ya kamata ya kasance da shi. Kanwa tana ƙara tura shi can ne. Daga nan sai ka ga kwiɓin doki yana zillo tare da kowane bugun zuciya kamar mai shaƙuwa, alamar sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa, kuma duk dokin da aka gani da wannan an cire shi. Gishirin girki a cikin dusa kullum ya fi amfani, kamar cokali biyu na cin abinci, da ruwa a gabansa koyaushe. Kuma kada a ɗura wa dokin da ya ƙi shan ruwa gishiri ta baki, zai janyo ruwan jiki zuwa hanji ya ƙara masa ƙishirwa.

Hajiya Mai Goɗiya: Akwai mutum na uku da ba mu tuhuma ba, su ne masu shirya tseren. A gasar duniya ta Tryon a Amurka a 2018 an karkatar da wasu mahaya hanyar da ba ita ba tun farawa, aka sake tseren, sannan zafi da damshi suka yi yawa bayan ruwan sama, dawakai suka cika asibitin fili, aka soke gasar ana tsakiyarta. Waɗanda ke gaba sun yi fushi sosai, kuma ina ganin suna da hujjar fushi kan ruɗanin safe, amma sokewar daidai ce. In mu muka sa tsere ƙarfe goma na safe a watan Maris, muka bi da dawakai cikin rairayi mai zurfi da ke jan jijiyar bayan ƙafa, ko gangaren bakin ruwa da ke ɗora nauyi a ƙafa ɗaya tsawon kilomita 10, sannan rabin dawakai suka faɗi, da wane baki za mu dakatar da mahaya? A fara da an idar da sallar asuba, a watan Disamba ko Janairu, a duba lokacin janyewar teku don a sami rairayi mai tauri, a juya hanya a zango na biyu don gangaren ya koma ɗaya ƙafar. Kuma a rubuta tun yanzu cewa shugaban likitoci yana da ikon rage nisa ko tsayar da tsere, ko wane ne yake gaba.

Ɗan Agege: Hajiya, amma in aka ce kada a yi gudu, ina daɗin tseren? Mutane na ɗaya suke son gani.

Malam Idi-Araba: Ɗan'uwa, a kilomita 40 na sababbin shiga ko FEI ba ta yarda da tsere ba. Doki da mahayi sai sun gama tafiya biyu ta kilomita 40 zuwa 79 da biyu ta 80 zuwa 100, gudun bai wuce kilomita 16 a awa ba, kafin su shiga matakin farko na ƙasa da ƙasa. Dokin kilomita 160 kuma sai ya kai shekara 8, in ya gama a ba shi hutun dole kwana 33. Batun kyauta, akwai misali. Gasar Tevis a Kalifoniya, mil 100 a yini ɗaya tun 1955, tana da kofi na biyu mai suna Haggin, ana ba dokin da ya fi lafiya cikin goma na farko bayan an sake duba su washegari, kuma masu wasan suna girmama shi ƙwarai. A Boudheib ta Abu Dhabi ma Sheikh Sultan bin Zayed ya sa an ƙayyade gudu, aka mayar da mafi yawan kuɗin kyauta kan lafiyar doki. In kuɗin yana kan lafiya, mai gida da kansa zai ce wa yaro ya ja linzami.

Sarkin Barga: To ga abin da nake so a rubuta a maimakon wata shidan. Takardar shiga ta ɗauki suna uku, mahayi da mai horarwa da mai doki, kowa ya sa hannu. Mahayin da ya janye dokinsa da kansa bayan ya wuce gwaji, ba shi da laifi ko kaɗan. Ɗingishi na farko, hutu ga doki kawai. Dokin da sai da aka yi masa ƙarin ruwa, maki ya hau kan su ukun. In dawakan mutum ɗaya suka faɗi sau uku a shekara, ko da mahaya daban-daban ne, bargan za a dakatar. Duka da bulala ko ci gaba a kan doki mai ɗingishi a fili, wannan na mahayi ne shi kaɗai, kuma a saurare shi da Hausa kafin a yanke, ba a miƙa masa takardar Turanci a ce ya dangwala ba.

Hajiya Mai Goɗiya: Na amince da duka sai abu ɗaya. Sau uku ya yi yawa in akwai mutuwar doki a ciki. Mutuwa ɗaya ta isa a zauna bincike, a buɗe gawar, a duba katin likita zango-zango.

Alhaji na Ikoyi: Bincike dole, Hajiya, amma ba dakatarwa kai tsaye ba, sai abin da binciken ya nuna. Dakta, a rubuta mana jerin kayan da shingen likitoci yake bukata da adadin likitoci in dawakai 30 ne.

Dakta Obalende: Likitocin layi uku, na jinya ɗaya daban wanda ba ya jefa ƙuri'a. Abin sauraron ƙirji da ma'aunin zafi ga kowanne, agogo ɗaya babba da kowa ke gani, rumfa mai inuwa, da mota mai ɗaukar doki a shirye. Ruwan ƙari na jijiya kuma a yi tanadi da yawa, don dokin da ya bushe yana shan lita 20 ko fiye kafin ya farfaɗo, ledojin rabin lita na asibitin mutane ba za su kai ko'ina ba. A tanadi na dawakai uku aƙalla, da manyan allurai masu lamba 12 ko 14.